Batirin da Aka Shanya a Rana

A gidanmu batir ba ya mutuwa sau ɗaya. Idan muryar rediyon Kaka ta fara shaƙewa, sai ta buɗe bayansa, ta zazzago baturan a cinyarta, ta goge kowanne da gefen mayafi, ta jera su a kan kwanon da ya rufe akurkin kaji. Nan za su wuni suna shan rana. Da la'asar ta mayar da su, rediyon ya yi magana garau na ɗan lokaci, ita kuma ta bi mu da kallo kamar wadda ta ci gardama. Ba ita kaɗai ke yin haka ba. A unguwarmu a Daura, in ka ɗaga kai ka dubi kan katanga ko kan rumfa, da wuya ka rasa batura a shanye kamar yankakkiyar kuɓewa. Na tashi na tarar ana yi, ban taɓa tambayar dalili ba. Da ma ni ba mai tambaya ba ce. A lokacin ina ajin farko na ƙaramar sakandare, kuma malamai kan manta ina cikin aji sai an zo kiran suna. Kallo ne aikina. Na san wace kaza ce ke ɗingishi, na san ƙarar takalmin kowa a gidan, amma in aka ce in yi magana a gaban mutum uku sai harshena ya yi nauyi.

Kaka mahaifiyar Baba ce, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma fuskantarsa da magana. In tana da abin faɗa masa, ko yana tsaye a gabanta, sai ta juya ga wanda ke kusa ta ce a gaya wa mutumin can kaza da kaza. Shi kuma ya amsa da “To, Inna,” tun kafin ɗan aiken ya buɗe baki. Yayana kuwa, babban jikanta, shi take kira Maigidana. Kullum suna cikin tsokanar juna, tana cewa ya bar ta ba cefane ya tare a gindin wayoyi, yana cewa sai ta sa haƙoran roba zai dawo.

A shekarar Yaya ya gama sakandare, kuma ɗan ƙaramin jirgin sama yake ƙerawa. Da farin soson nan da ake naɗo firji a ciki ya yi gangar jikin, ya ƙarfafa fikafikan da siraran sandunan gora, ya liƙe da gam. Injin da farfelar da abin sarrafa jirgin duk a wurin wani mai kayan gwanjo ya same su a kasuwar Mai'adua. Abin sarrafawar, wanda muke kira rimot, baƙin akwati ne mai cika hannu biyu, da 'yan sanduna biyu da ake turawa da manyan yatsu, da eriya a ka, da 'yar fitila koriya. Jirgin yana da nasa batirin da ya zo tare da injin, wannan bai taɓa ba shi wahala ba. Rimot ɗin ne matsala. Ƙananan batura takwas yake ci, irin na tocila 'yar siririya, kuma yana shanye su kamar ƙasar bazara ta samu ruwa. Yaya ya gaji. Sai ya samo baturan litiyom, irin na cikin waya, masu faɗi da laushi kamar an naɗe takarda a ledar azurfa. Ya haɗa su da dalma, ya naɗe da baƙin salatif, suka zama dunƙule ɗaya, shafaffe kamar sabon sabulu, daidai ramin da ke bayan rimot ɗin. In ya rufe murfin sai ka ji ƙas.

Ina zama a bakin ƙofar ɗakinsa in yi aikin gida, shi kuma yana aiki yana magana. Ba na jin da ni yake, ina ganin dai ya fi son yin bayani a inda ba za a katse shi ba. A nan na ji cewa wannan batirin ba halinsu ɗaya da na Kaka ba. Na Kaka a hankali yake tsufa, yana ba da sanarwa. Wannan kuwa da ƙarfinsa zai tsaya har kusan ƙarshe, sannan ya faɗi lokaci guda. Ya ce rimot ɗin yana da ɗan kuka da yake yi in batir ya yi rauni, amma da tsofaffin batura aka auna kukan, don haka ba lallai ya gane wannan baƙon yana shirin mutuwa ba. Ya ce batirin ba ya son zafi, ba ya son huji, kuma in ya kumbura to ya gama aiki, ba a matsa shi, don yana iya kamawa da wuta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce in rimot ya mutu jirgi yana sama, jirgin ba zai sani ba. Zai ci gaba da tafiya, farfela tana juyawa, ba mai juya shi, har sai ya samu abin da ya tare shi. Na daɗe ina ganin wannan jirgin a raina, yana tafiya shi kaɗai a kan rufin mutane.

Baba bai son aikin nan. Ba wai ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Watannin baya Yaya ya manta ƙarfen dalma a kan katifa, sai da hayaƙi ya fito ta taga aka ankara. Tun daga ranar Baba ya fara maganar tura shi Mai'adua wurin Baffa, ƙanensa, ya zauna masa a shagon shinkafa da mai. Yaya kuwa makarantar koyon fasaha yake so a Katsina. Aka yi ta ja har Baba ya yanke magana: ranar Juma'a Baffa zai zo, za a je gona bayan la'asar. In jirgin ya tashi ya sauko bai cuci kowa ba, Yaya ya nemi makarantarsa. In bai tashi ba, Asabar ya bi Baffa. Baba ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta.

A makon nan Yaya bai ci abinci sosai ba. Wuta ba ta zama, sai ya riƙa kai batirin shagon cajin waya, ya zauna a kansa har ya cika. Na ji shi yana gaya wa Umma cewa ba abin da yake tsoro kamar batirin rimot ya gaza masa a sama. Kaka tana kan tabarmarta tana ɓare gyaɗa a lokacin. Na ga ta dakata da ɓarewar, ta karkata kai, sannan ta ci gaba. Ranar Alhamis ya cika batirin taf, ya cire shi daga rimot, ya ajiye a kan ɗan teburinsa.

Ranar Juma'a an tashe mu daga makaranta da wuri kamar yadda aka saba. Zafin ranar har ta cikin takalmi nake jin sa, hijabina ya manne mini a wuya. Na iso gida maza sun riga sun tafi masallaci. Ina shiga tsakar gida na ga Kaka tsaye a gaban akurki, ta naɗe hannu da gefen mayafi tana sauke baturanta. Akwai manya guda biyu na rediyo. A gefensu kuma akwai baƙin dunƙulen Yaya.

Ta ɗauko shi tana jujjuya shi daga hannu zuwa hannu saboda zafi, fuskarta cike da murna. Ta ce tun da hantsi ta ɗora shi, ya sha rana ya ƙoshi, yau Maigidanta zai ga ƙarfi. Ta miƙo mini ta ce in mayar masa inda yake, kuma amana, kada in faɗa, sai jirgin ya tashi ita za ta ba shi labari da bakinta ta karɓi tukuici.

Na karɓa da gefen hijabi. Ko ta cikin ƙyallen yana ƙona ni. Da na shiga ɗakin Yaya na duba shi a hasken taga, sai na ga salatif ɗin ya ja, har wani layi ya rabu da ɗan'uwansa, azurfar ciki tana leƙowa. Akwai kuma wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kamar na alewar ayaba, wanda ban san shi da shi ba. Na ce wa kaina ko idona ne. Na ajiye shi a kan teburin. Da can in an ajiye shi yakan kwanta lif. Yanzu da na taɓa gefensa da yatsa sai ya yi lilo, ya karkata nan ya karkata can, kamar ƙwarya a kan daɓe.

Na fito na samu Umma a madafa tana kwashe shinkafar baƙi. Na tsaya a bayanta har ta juyo ta tambayi abin da nake so. Na ce mata, ƙasa-ƙasa, ko rana tana ɓata batir. Ta yi dariya ta ce tun kafin a haife ni ake shanya batir a gidan nan, in ɗauki kwanukan nan in kai bakin zaure. Ban san yadda zan ƙara bayani ba ba tare da na ambaci Kaka ba.

Maza suka dawo tare da Baffa, suka zauna cin abinci a zaure. Ina jin muryar Baffa yana tsokanar Yaya, yana kiransa direban jirgi, yana cewa ya tanadar masa kujera a bayan buhunan shinkafa. Yarinya ba ta shiga zaure maza na cin abinci. Na zauna a soro na ciki ina jiran Yaya ya fito shi kaɗai, ina shirya kalmomin a bakina. Sai na shirya su tsaf, sai su watse. In na faɗa kuma ashe ba komai, na tayar masa da hankali a ranar da ya fi bukatar natsuwa. In na faɗa kuma gaskiya ne, ba shi da wani batirin, jirgi ba zai tashi ba, gobe sai Mai'adua. In kuma na yi shiru, ga jirgin nan da ke tafiya shi kaɗai. Na koma ɗakin na sake taɓa batirin. Ya huce kaɗan, amma lilon yana nan.

Bayan sallar la'asar komai ya zo da gaggawa. Yaya ya shigo da sauri, ya ɗauki batirin bai ko dube shi ba, ya jona wayar, ya tura shi cikin ramin. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya danna murfin, bai ce ƙas ba. Ya sake dannawa da babban yatsa, ya yi tsaki, ya ce salatif ɗin nan ya cika kauri, ya ciro robar ɗaure kaya ya zagaye rimot ɗin da ita. Na buɗe baki, sai Baffa ya matsa hon motarsa a waje, Yaya ya ɗora mini fiffiken jirgin a hannu ya ce in zo, ni ce ƙarama, ni zan zauna a baya in riƙe shi kada iska ta karya.

Gonar Baba tana kan hanyar Zango. Duk tafiyar ina riƙe da fiffiken da ya fi ni tsawo, rabinsa a waje ta taga, idona kuma yana kan rimot ɗin da ke cinyar Yaya. Motar ta yi zafi kamar tanda. Duk ramin da muka faɗa sai na ɗauke numfashi. Ƙamshin alewar nan yana zuwa yana tafiya, ban sani ba ko daga rimot ɗin yake ko daga cikin kaina. Baba yana gaba yana jan carbi.

An riga an yi sharar gona ana jiran ruwa. An tattara busasshen kara da ganye tsibi-tsibi, ba a kai ga ƙonawa ba. A can ƙarshen gonar akwai rugar Fulani, bukkokinsu na ciyawa sun bushe ƙayau. Kafin Yaya ya gama ɗaura fiffiken, yaran rugar sun taho da gudu, har da wata ƙarama mai goyon ƙaninta, 'yan maruƙa biyu suna biye da su. Suka yi layi suna kallo.

Yaya ya kunna rimot. Fitilar ta kawo kore shar. Ya tura sanda ɗaya, wutsiyar jirgin ta motsa. Ya tura ɗayar, farfela ta juya da ƙara har yaran suka ja da baya suna dariya. Komai yana aiki. Wannan ne ya fi tsananta mini, don da ya ƙi kunnuwa da na huta. Ya ɗaga jirgin sama da kafaɗarsa, ya juya yana neman inda iska take fitowa. Iskar daga wajen rugar take, can zai harba shi.

Ban san lokacin da na kama hannun rigarsa ba. Ya juyo a fusace. Baba da Baffa ma suka dube ni. Na nuna rimot ɗin.

“Yaya, batirin ya kumbura.”

“Ikon Allah, ashe 'yar nan tana magana,” in ji Baffa.

Yaya ya ce in sake shi, ba lokacin wasa ba ne. Ban saki ba. Na ce masa murfin bai ce ƙas ba, kuma in an ajiye batirin a tebur yana lilo, kuma yana wari. Ƙasa nake kallo ina faɗa. Ya dubi rimot ɗin. Sannan ya ajiye jirgin, ya warware robar. Murfin ya yi tsalle da kansa ya faɗi a ƙasa. Batirin ya turo ciki waje kamar fanke a mai.

Na ga fuskar Yaya ta sauya. Ya tambaya wa ya taɓa masa kaya. Ya sake tambaya, da ƙarfi wannan karon, yana kallona. Na ci gaba da kallon yatsun ƙafata da suka yi fari da ƙasa.

Baffa ya matso ya leƙa. Ya ce shi dai ga fitila tana ci, ga farfela tana juyawa, mene ne na tsayawa? A tashi abin nan ko sau ɗaya ne a zagaya a sauko, magariba tana tahowa. Ba da mugunta ya faɗa ba, ina ganin ma tausayin Yaya ne ya kama shi. Baba kuwa ya mayar da hannuwansa baya, carbin yana lilo, yana jira.

Yaya ya daɗe a tsugune. Ya ɗauki murfin ya riƙe kamar zai mayar, ya ce, kamar da kansa yake, wataƙila zai kai zagaye ɗaya. Ya dubi jirgin, ya dubi tsibin karan, ya dubi yarinyar nan mai goyo da ta matso har tana neman taɓa wutsiyar. Sai ya sa yatsu biyu ya zare wayar a hankali. Fitilar ta mutu. Ya ce kowa ya ja baya, ya ɗora batirin a kan murfin, ya tafi da shi nesa da karan, ya tona rami da hannu ya ajiye shi a ciki.

Muka tsaya muna kallon ramin. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba komai. Wani ɗan maraƙi ya yi kuka. Yaran suka gaji suka fara komawa.

“To ina wutar?” in ji Baffa.

Yaya ya ce ba lallai ta tashi yanzu ba, kuma ba lallai ta tashi ba sam, amma ba zai riƙe shi a hannu jirgi yana kan mutane ba. Baba ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce abin da mutum ya haɗa da hannunsa ya kumbura tun ba a tashi ba, to Allah ya kiyaye da an tashi. Ya ce an yi magana an gama, gobe Yaya ya haɗa kayansa.

Yaya bai yarda a bar batirin a gona ba, kada yaran su tono shi. Ya samo wani tsohon gwangwanin madara, ya cika da yashi, ya binne shi a ciki, ya riƙe gwangwanin a waje ta taga har muka iso gida. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ni kuma ina riƙe da fiffiken, ina ta tunanin koriyar fitilar nan. Wataƙila da ya kai zagaye ɗaya. Wataƙila da yanzu muna dawowa da dariya. Ban san amsar ba a ranar, har yau ma ban sani ba.

Muka shiga gida rana ta yi ja. Kaka tana kan tabarmarta ta sa sabon ɗankwali. Tun kafin mu gama sallama ta tare mu.

“Maigidana, ya tashi ko? Ai na sani. To kawo tukuicina, don ni na ƙara masa ƙarfi. Tun hantsi na shanya maka shi a kan akurki, da ƙyar na iya sauke shi don zafi.”

Umma ta tsaya da buta a hannu. Yaya ya dubi Kaka, sannan a karo na farko tun gona ya dube ni. Ya durƙusa a gabanta ya ajiye gwangwanin, ya share yashin sama da yatsa, ya nuna mata. Ya yi mata bayani a hankali, ba tsokana, ba ɗaga murya, cewa wannan irin ba ya shan rana, rana ce ke kashe shi. Kaka ta daɗe tana kallon abin. Ta tambaya ko jirgin ya tashi. Aka ce bai tashi ba. Ta tambaya ko maganar Mai'adua tana nan. Baffa ya sosa ƙeya ya ce tana nan.

Sai ta gyara zama ta juyo gare ni. Baba yana tsaye, taku kaɗan ne tsakaninsa da ita.

“Ke, gaya wa mutumin can, hannuna ne ya ɓata abin nan, ba na yaron ba. Ba a hukunta mai girki a kan tuwon da wani ya zuba wa ƙasa.”

Na jira in ji “To, Inna,” kamar kullum. Baba bai ce ba. Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Ba zai iya yi wa mahaifiyarsa musu ba, kuma bai saba janye magana ba, sai ya tsaya a tsakani.

“Ban ji kin faɗa ba,” in ji Kaka.

Ban taɓa isar da saƙon nan da bakina ba, don ba a taɓa bukata ba. Na matsa gaban Baba, na durƙusa, na maimaita abin da ta ce kalma bayan kalma, har da tuwon. Muryata ta fito siririya, amma ta fito. Baffa ya juya baya yana tari, ina jin dariya yake ɓoyewa.

Baba ya numfasa. Shi ma sai ya bi ta kaina.

“Ki ce wa Inna na ji. Amma in ruwa ya sauka aka yi shuka, ba mai tattaka mini gona da sunan jirgi. In bai tashi kafin nan ba, maganata tana nan.”

Na juya na faɗa wa Kaka, ko da yake ta ji. Ta ce to. Aka kira sallar magariba.

Baffa ya koma shi kaɗai da safe. Daga ranar kuma tsorona ya koma sama. Kullum in na fito makaranta gabas nake fara duba. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, iska tana kawo ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri. Yaya ya yi ta yawo wurin masu gyaran waya yana neman batura masu lafiya, yawancin waɗanda ake nuna masa sun riga sun fara ciki. Da ya samu ya haɗa sabon dunƙule, sai ya sama masa gwangwani mai murfi, ya ajiye a lungun da randa take, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Bai ce mini na kyauta ba, ba mu saba irin wannan ba. Amma kowace safiya kafin in tafi makaranta sai ya kira ni, ya ɗora batirin a kan tebur, ya ce in taɓa. In taɓa gefensa, ya kwanta lif, sannan ya mayar. Kaka kuwa ta daina tsokanarsa a kwanakin nan, rediyonta ma ƙasa-ƙasa take kunna shi.

Juma'ar da ta biyo muka koma gonar a motar wani maƙwabci, gabas ta yi baƙi ƙirin. Murfin ya ce ƙas. Yaya ya roƙi wani dattijon rugar ya tsayar da yaran a bayanmu, ya kuma ce ba zai jira kukan rimot ba, zai sauko da jirgin tun batirin yana da sauran ƙarfi. Ya harba shi. Jirgin ya yi ƙasa kamar zai ci turɓaya, sannan ya ɗaga. Ban kalle shi sosai ba, gaskiya. Mutane suna kallon sama, ni ina kallon 'yar koriyar fitilar da ke tsakanin hannuwan Yaya, ina jiran ta ƙifta. Ba ta ƙifta ba. Ya zagaya gonar, ya sake zagayawa, iskar hadarin ta fara wujijjiga shi, Yaya ya sauko da shi. Saukar ba ta yi kyau ba, ya dungura a kan kunya, bakin fiffike ɗaya ya ɓalle. Amma a tsakiyar gonar ya faɗi, nesa da kowa.

Baba bai je wurin jirgin ba. Ya miƙa hannu Yaya ya ba shi rimot ɗin. Ya juya shi, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, ya daɗe yana jin ko da zafi. Sannan ya mayar masa, ya ce in za a je Katsina neman makarantar a gaya masa da wuri, don ya san wanda zai bar wa rumfarsa ta kasuwa ya raka shi. Muna cikin mota ɗigon farko ya bugi gilashi.

Kaka ba ta daina shanya baturanta ba, kuma rediyonta bai daina yin garau da la'asar ba. Sai dai daga lokacin, duk batirin da ba ta gane irinsa ba, ko na tocila ne ko na wayar Umma, sai ta ajiye shi a gefen tabarma ta jira in dawo daga makaranta.